Littafi ya ce 5W-30, bakanike ya ce 20W-50: wanne zan zuba?

Abu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Motata ta fetur ce, ƙirar 2012, silinda huɗu, giyarta otomatik, kuma ta haura kilomita 160,000. Lokacin juyen baƙin mai, wato man inji, ya yi. A murfin da ake zuba mai an rubuta 5W-30, littafin motar ma haka ya ce. Amma bakanikena ya dage sai 20W-50, wai inda ake zafi mai mara kauri tsinkewa yake yi ya zama ruwa, ga shi kuma injin ya fara manyanta. Mutum ne da ya daɗe a sana'ar, ba na son in raina maganarsa, to amma waɗanda suka ƙera motar ma ba a banza suka rubuta lambar nan ba. Wanne zan bi? Sannan ya ce in sayo man giya ja a ƙara mini. Kowane ja ne zai yi?

Matashi92:
Wa alaikumus salam. Bi littafi kawai, Malam. Wanda ya ƙera injin ya fi kowa sanin cikinsa.

BabaMaiGareji:
Yaro, maganar ba ta kai sauƙin yadda ka faɗa ba. Littafin nan da ake ta kira, sabon inji aka rubuta wa shi. Injin da ya yi tafiya mai nisa ƙarafunansa sun ci juna, ringi ya saki, hanyoyin da mai yake bi sun buɗe. Kamar takalmi ne da ya saki a ƙafa, sai da safa mai kauri yake zama daidai. Ana kawo mini mota tana ƙara da safe, tana fitar da hayaki shuɗi, fitilar mai tana ƙyaftawa idan tana sulo. In zuba mata mai kauri, ƙarar ta kwanta, hayaƙin ya ragu, mai ita ya ci gaba da neman abincinsa. Wannan da idona nake gani, ba labari aka ba ni ba. Saboda haka Malam Abu Haidar, kada ka yi saurin watsar da maganar bakanikenka. Tambayar da zan yi maka ita ce: motar tana shan mai? Tana hayaƙi? Ba ka faɗa mana ba.

Injiniya_MK:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, amma ina ganin akwai buƙatar a fayyace lambobin nan tukuna, don da yawa muna saye ba mu san abin da suke faɗa ba.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara su. Lambar farko da ke tare da W tana nuna yadda man yake gudana da sanyi: 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifiri, 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu kaurin man ce a digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a cikin inji. A wannan zafin, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin da ake amfani da shi, mai lamba 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Kun ga tazarar ba ƙarama ba ce.

Batun cewa zafin gari yana tsinka mai, a nan ne nake da ja. Idan tsarin sanyaya inji lafiyarsa ƙalau, inji yana aiki ne a kusan digiri 90 zuwa 100, ko gari da zafi ko da sanyi. Zafin waje yana ƙara wani abu, musamman a cunkoso ko da kaya mai nauyi, amma ba shi ne yake mayar da 30 ya zama ruwa ba. An riga an auna shi a zafin da ya ninka na rana.

Ga kuma inda mai kauri yake cutarwa. Galibin injinan shekarun nan suna da na'urar da take sauya lokacin buɗewar bawul, wadda wasu kamfanoni suke kira VVT. Da matsin mai take aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar raga a bakinsu. Mai kauri yana jinkirin isa wurin, musamman a tashin farko da safe, lokacin da man duk ya sauka ƙasa. A waɗannan daƙiƙun ne ƙarafa suka fi cin juna. Ga ƙarin shan fetur, tunda inji yana wahala wajen juya shi. Kuma idan ƙara ta kwanta bayan an zuba mai kauri, ba gyaruwa injin ya yi ba, rufe matsalar aka yi. Wani lokaci rufewar tana da amfani, na yarda, idan injin ya riga ya gaji kuma babu halin buɗe shi. Amma ban ga dalilin yi wa lafiyayyen inji haka ba.

Direban_Dogon_Zango:
Ni abin da zan ƙara, a daina karanta murfi kawai, a buɗe littafin a je shafin mai. Littattafai da yawa suna da jadawali da ya jera kauri fiye da ɗaya gwargwadon yanayin wurin da mota take aiki. Sau tari za ka tarar an yarda da 10W-30 ko 5W-40 bayan wanda aka fi so. Idan 20W-50 yana cikin jadawalin, magana ta ƙare. Idan babu shi, to babu shi.

Abin da ya fi damuna ma ba kauri ba ne, lokacin juye ne. A littafin akwai jadawali biyu, na tuƙi na yau da kullum da na tuƙi mai tsanani. Mutane suna ɗauka mai tsanani na masu hawa duwatsu ne. A'a. Ƙura, gajeriyar tafiyar da inji ba ya gama ɗumi, daɗewa a cunkoso inji yana sulo, jan kaya, duk suna ciki. Mai irin wannan tuƙin sau da yawa rabin tazarar ake ba shi. Kuma akwai wa'adin watanni ko da motar a ajiye take, saboda mai yana tsufa yana tara danshi. Mu da muke kan babbar hanya kullum man namu ya fi samun sauƙi a kan na wanda yake kai yara makaranta ya dawo.

Dan_Koyo:
Don Allah manya, ina koyon aikin ne. A jikin galan ina ganin API SL, wani SN, wani SP. Ogana ya ce duk ɗaya ne, talla ce kawai. Haka ne?

MaiSifana:
@Dan_Koyo ba ɗaya ba ne, ƙanena. Kauri daban, inganci daban. API cibiyar harkar man fetur ce ta Amurka, ita take fitar da matakan. S na injin fetur ne, harafi na biyu kuma yana gaba ne yayin da aka tsaurara gwaji. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A ɓangaren fetur sabon mataki yana maye gurbin tsoho, wato motar da aka rubuta wa SL za ta sha SP lafiya lau. Amma kada ka juya abin, ka zuba SL a motar da take neman SP, musamman ƙananan injinan nan masu tobo da suke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Suna da wata matsala ta kamawar wuta kafin lokaci idan ana tafiya a hankali aka taka totur, tana iya fasa fistin, kuma SP an gwada shi a kan wannan da kuma cinyewar sarƙar taimin.

Na dizal da C suke farawa, irin su CI-4 da CK-4. Motocin Turai kuma matakan ACEA suke bi, wato ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, za ka ga A3/B4 ko C3, wasu ma da lambar kamfaninsu, kamar VW 504 00/507 00 ko MB 229.5. Motar dizal mai matatar hayaƙi a salansa dole sai mai mai ƙarancin toka, irin rukunin C na ACEA, in ba haka ba matatar toshewa take yi. Ka riƙa juya galan ka karanta bayansa. Manyan rubutun gaba na jan hankalin mai saye ne.

Dan_Koyo:
Na gode Yaya. Zan rubuta su a littafina.

Ummu_Khairat:
Kun tafi kan baƙin mai kun bar tambayarsa ta biyu, alhali ita ta fi haɗari a ganina. Malam Abu Haidar, don Allah kada ka sayi man giya da launi. Ni an taɓa yi mini haka. Na kai mota sabis, ba a tambaye ni ba aka ƙara mata wani jan mai, wai ya yi ƙasa. Ba a jima ba ta fara fizga idan za ta tashi daga tsaye, tana rawa a ƙaramin gudu. Da aka duba ashe giyarta CVT ce, wani nau'in otomatik na daban, man da aka zuba kuma na otomatik ɗin da aka saba ne. Sai da aka zubar aka sake zubarwa kafin ta dawo hayyacinta, kuma mai gyaran ya ce Allah ya taimake ni na kawo ta da wuri. Tun daga nan ba a buɗe wani murfi a motata sai ina tsaye da galan a hannuna.

MaiSifana:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Jan launin nan rini ne ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai idan ya ɗiga a ƙasa. Ba ya gaya maka komai game da abin da ke ciki.

Man giyar otomatik ba shafawa kawai yake yi ba. Shi yake ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, shi yake matse faifan kuloci na ciki, shi yake sanyaya su. Kowane kamfani ya tsara yawan santsin da faifansa suke buƙata. Shi ya sa ake da Dexron III da Dexron VI na GM, Mercon V da Mercon LV na Ford, T-IV da WS na Toyota, DW-1 na Honda. Ko a gida ɗaya ba a musanya su yadda aka ga dama: WS ya fi T-IV tsinkewa, Mercon LV ma ba a zuba shi a madadin Mercon V. CVT kuwa wata duniya ce daban, bel ne na ƙarfe ko sarƙa tsakanin fuli biyu, tana son man da zai sa bel ɗin ya kama. Nissan suna da NS-2 da NS-3, Honda suna da HCF-2. Idan aka zuba wanda ba shi ba, bel ya riƙa zamewa yana goge fulin.

Masu giyar hannu ma ba su tsira ba. Idan littafi ya ce man giya mai lamba GL-4, kada a ce GL-5 ya fi tunda lambarsa ta fi girma. GL-5 an yi shi ne don aksul, sinadarinsa na jure matsi ya fi yawa, kuma a wasu akwatunan yana cutar da zobban tagulla da suke daidaita shigar giya, sai ka ji tana gurzawa.

Wani abu kuma, Malam Abu Haidar: me ya sa za a ƙara? Man giya ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Idan ya ragu, yoyo ne a wani wuri, a nemo shi. Kuma a tabbatar an auna yadda littafi ya ce, don galibi sai inji yana aiki, man ya ɗau zafi, mota a wuri mai daidai.

Kawu_Tsoho:
To ni an ce mini man giyar otomatik ba a taɓa shi har abada. Wani ma ya ce idan ya tsufa ka canza, giyar mutuwa take yi. Tawa ta daɗe ba a canza ba, yanzu tsoro nake ji.

MaiSifana:
Kawu, babu man da ba ya tsufa. Zafi yana cinye shi. Abin da ya jawo wannan maganar shi ne, mutane ba sa tuna man giya sai ta fara zamewa. A lokacin faifan sun riga sun cinye, garinsu da yake yawo a cikin tsohon man shi yake ɗan taimaka musu su kama. Ana zuba sabo sai ɓarnar ta fito fili, a ɗora wa sabon mai laifi. Ka ciro sandar geji idan motarka tana da ita, ka goga a farin ƙyalle. Idan ja ne ko ruwan ƙasa mai haske kuma giyar tana shiga lafiya, a kwance ƙasa a zubar da wanda zai fito a mayar da daidai adadinsa. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, kada a wanke giyar da na'ura mai matsi, a nuna wa mai gyaran giya tukuna.

BabaMaiGareji:
A wannan kam ni da MaiSifana bakinmu ɗaya.

Hajiya_Maimota:
Tunda ana maganar ruwaye, ni lagireto nake tambaya. Direbana ruwan famfo yake zubawa, ya ce kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake saye a galan, na ƙasashen ƙanƙara ne. Na ga kuma akwai kore, akwai ja, akwai ruwan hoda. Dole ne?

BabaMaiGareji:
Hajiya, ranki ya daɗe, ki hana shi. Da za ki zo ki ga famfon ruwan da muke cirowa daga motocin da aka daɗe ana zuba wa ruwa zalla, da ba ki sake yarda ba. Fukafukan famfon tsatsa ta cinye su sun zama kamar an yanke, ruwan da yake fita ja-ja ne mai laka, bututun lagireto kuma farin gishiri ya toshe rabinsu. Daga nan mota ta fara zafi, sai wani ya ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. An gyara ke nan a ganinsa. Alhali yanzu injin ba zai riƙa kai zafin aikinsa da wuri ba, zai ƙara shan fetur, man ciki kuma ya riƙa tara danshi da datti. Kulan ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki, kuma injinan yanzu alminiyom ya yi yawa a jikinsu. Idan a hanya ne ruwa ya zube, a zuba ruwa mai tsabta a isa gida, babu laifi. Amma a mayar da kulan bayan an gyara. Kuma ko da wasa kada a buɗe murfin lagireto inji da zafi. Na ga hannun da ya saluɓe saboda haka.

Injiniya_MK:
Baba ya gama magana, lambobi kawai zan ƙara. Haɗin rabi kulan rabi ruwa ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma yana ɗaga tafasa sama da digiri 100 da 'yan kai. Murfin lagireto mai riƙe matsi shi yake ƙara ɗaga ta zuwa sama da 120, shi ya sa murfin da robarsa ta mutu kaɗai yana iya sa mota tafasa. A duba galan: wani an riga an haɗa shi, zubawa kawai za a yi, wani kuma sai an surka, da tataccen ruwa irin wanda ba shi da gishiri. Zuba shi tsantsa ba gwaninta ba ce, ruwa ya fi shi ɗaukar zafi.

Launi a nan ma rini ne. Akwai tsohon nau'i da ake canzawa kusan duk shekara biyu, akwai masu daɗewa da suke kai shekara biyar, kuma kamfani biyu suna iya sa launi ɗaya a kan sinadari daban. Gauraya nau'i biyu yana rage ƙarfin maganin tsatsar, wani lokaci ya yi kauri ya toshe hanya. Sannan Hajiya, a ɓoye galan ɗin nesa da yara da dabbobi. Yana da zaƙi a baki kuma guba ne mai kashe ƙoda.

Direban_Dogon_Zango:
Wanda ba a taɓa tunawa da shi shi ne man birki, kuma shi ne mai ɗaukar rai. Na taɓa bin bayan wata babbar mota a doguwar gangara, ina jin warin birkinta tun daga nesa. Da Allah ya sa direban ya samu ya tsaya a gefe, ya nuna mini feda tana tafiya har ƙasa babu komai. Bayan ta huce birkin ya dawo kamar ba a yi ba. Muka buɗe kofin man, baƙi ƙirin. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Idan birki ya yi zafi ruwan nan ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, sai ƙafarka ta nutse. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza duk shekara biyu. Ni man birki mai lamba DOT 5 nake shirin komawa ma, tunda ya fi 4.

Injiniya_MK:
Tsaya Alhaji, kada ka yi! DOT 5 ba ci gaban DOT 4 ba ne. Shi na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a son shi a mota mai ABS, na'urar da take hana taya kullewa idan an taka birki. Wanda kake nufi DOT 5.1 ne, shi ne dangin 3 da 4. Mafi ƙarancin zafin tafasarsu suna sababbi: DOT 3 digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Idan sun sha danshi kuma su sauko zuwa 140 da 155 da 180. Ka ga yadda DOT 4 yake zubar da digiri 75 saboda ɗan ruwa kaɗan. A murfin kofin an rubuta wanda motar take so. A sayi ƙaramar kwalba a rufe, wadda aka buɗe ta daɗe a ajiye ta riga ta sha iska. Kada ya taɓa fenti, yana cinye shi. Kuma ko ɗigon baƙin mai ko man sitiyari ya shiga kofin birki, robobin ciki kumbura suke yi, sai an canza su gaba ɗaya.

Direban_Dogon_Zango:
Madalla, Allah ya saka. 5.1 ɗin zan nema.

Matashi92:
Kuma idan man birki ya ɗan yi ƙasa ba lallai yoyo ba ne, takalmin birki ne yake cinyewa man ya bi shi. A duba takalmin kafin a cika kofi.

Abu_Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Alhaji Direba na buɗe shafin. Jadawalin ya nuna 5W-30 ne aka fi so, an kuma yarda da 10W-30, amma babu 20W-50 ko kaɗan. Baba, amsar tambayarka: ba ta hayaƙi, fitilar mai ba ta kamawa. Tana ɗan rage mai, daga juye zuwa juye yakan sauka kusan tsakiyar alamomi biyun nan na sandar geji. Man giya kuma na fasa saye sai an nuna mini inda yake yoyo. Abin da ya rage mini, a baya minaral ake zuba mata, wato man gama-gari da aka tace daga ɗanyen mai. Idan na koma sintetik, wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya, ba zai sa ta yoyo ba? Haka na ji ana faɗa.

BabaMaiGareji:
To Alhamdulillahi, injinka da sauransa. A motoci da yawa tsakanin alamomin nan kusan lita ɗaya ce, ke nan rabin lita take sha, wannan ba komai ba ne a shekarunta. Na janye 20W-50 a kan wannan motar. Amma ni da za ka kawo mini ita, 10W-40 zan zuba, ko 5W-40. Mataki ɗaya ne sama, kuma na ga injinan da suka kai wannan tafiyar suna jin daɗinsa idan ana dogon cunkoso da na'urar sanyi a kunne.

Injiniya_MK:
Baba, da girmamawa, ni a 5W-30 zan tsaya tunda 40 ba ya cikin jadawalinsa kuma injin bai nuna yana buƙata ba. Ranar da shan man ya ƙaru sai a sake zama.

Batun sintetik, ba ya huda sil, wato robar da take hana mai yoyo. Abin da yake faruwa, idan sil ya riga ya bushe datti ya toshe wurin, sabon mai mai wanki sosai yana iya share dattin, sai yoyon da yake ɓoye ya bayyana. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi gudana da sanyi, kuma ana iya gauraya shi da minaral idan ta kama a hanya. Amma ba lasisi ba ne na a manta da juye.

BabaMaiGareji:
Injiniya, littafin bai san shekarun motar ba, ni kuwa ina jin muryarta. Mu bar shi a haka, mai mota ya zaɓa.

Ummu_Khairat:
Duk wanda ka zaɓa, ka kula da jabu. Ana cika tsofaffin galan da man da ba a san asalinsa ba a sake liƙewa. Ka duba zoben murfi ko an taɓa karya shi, ka duba lambar da aka buga a jikin galan, wasu kamfanonin suna da lambar da ake kankarewa a tantance. Idan araharsa ta yi yawa ka bar shi. Bayan juye kuma ka huda galan ɗin kafin ka yar. Tsohon man ma kada a zubar a ƙasa ko a kwata, a tara a kai inda ake karɓa.

MaiSifana:
Da filta. Kada a zuba sabon mai a bar tsohuwar filta, kuma a shafa ɗan mai a robarta kafin a ɗaura, da hannu ake matse ta. Kada kuma a cika mai ya wuce alamar sama, karanshaf yana bugunsa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Dan_Koyo:
Wata tambayar kuma. Jiya mun yi wa wata motar dizal juye, kafin mai ita ya bar gareji man ya yi baƙi. Ya ce ba mu canza ba. Laifin man ne?

MaiSifana:
Ba laifinsa ba ne. Injin dizal yana yin baƙin hayaƙi da yawa, aikin man ne ya kwashe shi ya riƙe har ranar juye, kuma ɗan ragowar tsohon da ya maƙale a ciki ya isa ya rina sabon cikin mintuna. Launin da za ka ji tsoro shi ne idan ka ga man ya yi fari-fari mai kauri a sandar geji, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wannan a duba gasket ɗin kan inji. Ko ka ji warin fetur sosai a jikinsa, ko ka murza a yatsa ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Gaba idan za ku yi juye, ka kira mai motar ya tsaya a buɗe galan a gabansa.

Kawu_Tsoho:
Na duba nawa man giyar yanzu kamar yadda aka ce. Ruwan ƙasa ne, ba ya wari, amma a jikin sandar ban ga an rubuta sunan man ba, littafin kuma babu shi tun da na sayi motar. Ta ina zan gane wanda take sha?